Jan Hankali A Kan Gajiyar Da Barci Ba Ya Raba Mutum Da Ita

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, ya 'yan'uwa malamai da almajirai, ina so in yi muku magana a kan wata gajiya da ta yawaita cikinmu. Manomi yakan wuni yana huɗa, ya ci tuwo ya kwanta, da asuba ya tashi garau. Ita wannan kuwa, mutum ya kwana da ita ya tashi da ita, ya buɗe littafi idonsa na bisa baƙi hankalinsa na wani gari, har almajiri ya zo biya, malam ya ji kamar an aza masa dutse, alhali kuwa dā babu abin da ya fi so kamar karantarwa.

Ku sani masana lafiya sun san ta. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ta cikin kundinta. Ba ta ƙidaya ta cikin cututtuka ba, ta ce aba ce mai samun mutum daga wahalar aiki wadda ta daɗe ba a sassauta ba, kuma alamunta uku ne: ƙarewar ƙarfi, da zuciya ta juya wa aikin baya, da raguwar kyansa. A 2021 kuma ita da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka ƙiyasta mutum 745,000 ne suka mutu cikin 2016 da shanyewar jiki da ciwon zuciya, saboda aikin sa'a 55 ko fiye a mako.

Amma ni a ganina yawan aiki bai isa ya zama dalili shi kaɗai ba, gama iyayenmu ba ragwaye ba ne. Abin da ya sāke shi ne aiki ya rasa ƙyaure. Dā mai tambaya sai ya tako zaure ya yi sallama, in an ce malam ya shiga gida, ya koma sai gobe. Tun da wayar hannu ta bazu a Nijeriya daga 2001, zaure ya koma aljihu. Malam ya yi karatun asuba, da hantsi yana Islamiyya ko kasuwa, da la'asar yana ba da littafi, sa'an nan bayan lisha WhatsApp ya buɗe: wannan na tambayar rabon gado, wancan ya aiko gardamar malamai biyu, ga labarin yaƙin wata ƙasa mai nisa, duka a zuba cikin kai ɗaya har tsakar dare.

Ku dubi allon da ke hannunku. Ba a ƙara wa yaro rubutu sai ya kiyaye na jiya, an wanke, allo ya bushe. Izu sittin sumuni 480 ne, kuma sannu sannu ake bin su, babu alaramman da ya haɗiye su dare ɗaya. Har wa yau tsangaya takan tashi Alhamis da Juma'a, mai hadda ya huta, karatu ya zauna. Mun san wannan ga yaro, me ya sa muka mance shi ga kanmu? Mutanen Faransa ma, da abin ya ishe su, doka suka kafa, ta soma aiki 1 ga Janairu 2017, a kan ma'aikaci yana da hakkin ƙin kula saƙon aiki bayan an tashi.

Saboda haka shawarata, kowane malami ya yanka wa tambaya lokaci, ya shaida wa jama'a, bayansa ya rufe waya, kada ta kwana kusa da matashinsa. Ya kiyaye ƙailula, ya bar yini guda a mako wanda ba ƙari ba biya. Wani zai ce wannan rowar ilmi ce. Ina tambayarsa, wanda bai yi barci ba in ya lissafa gado ya ci rabon marainiya da kuskure, wa ya amfana?

Sai dai akwai laifin jama'a, kuma ba zan ɓoye shi ba. Malamin da ake biya abin da bai kai kuɗin cefane ba, tilas ya riƙe sana'a uku, kuma ce masa ya huta ba'a ce. Iyayen yara da masu makarantu su gyara ladan malamai tukuna, kana su nemi karatu mai kyau.

Wanda kuwa ya ga abin ya wuce mako biyu, barci ya ƙi, abinci ya fita ransa, baƙin ciki ya zauna, to ya tafi asibiti ya gaya wa likita, kada kunya ta hana shi, kada kuma kowa ya ce masa raunin imani ne.

Haza wasalam.