Layin dogon Zariya na kwance, talaka na fama da kuɗin mota

Tun 1911 jirgin ƙasa ya iso Zariya, kuma a gefen tasharsa Sabon Gari ta girma. Daga tashar aka ja layi zuwa Jos, wanda aka rufe a 1957, da wani da ya bi Funtuwa da Gusau ya kai Ƙaura Namoda a 1929. Wannan na biyun ne ya ratsa Samaru, har unguwar Hayin Dogo ta samo sunanta.

Yau mazaunin Palladan da ke aiki a Asibitin Koyarwa na Shika, ko ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello, kullum yana bakin titi yana ciniki da masu bas da Keke Napep, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi tun cire tallafin fetur a 2023. Ga dogo kuma ciyawa na cinye shi.

Hankalin gwamnati na kan sabon layin Kaduna zuwa Kano. Madalla. Amma ƙaramin jirgi mai taragu uku, safe da yamma, tsakanin Sabon Gari da Shika, ba sai an ciyo bashin ƙasar Sin ba. Hukumar Jiragen Ƙasa ta gyara tsohon layin tun masu gini ba su mamaye shi ba.