Ran Ɗan Dako Ya Fi Buhun Masara

Sanin kowa ne cewa da zarar kaka ta yi, garin Dayi da ke ƙaramar hukumar Malumfashi yakan cika da manyan motoci, domin a nan ne hanyar Kano da ta biyo ta Gwarzo ta haɗu da hanyar Funtuwa zuwa Katsina. Masara da dawa da waken suya na wannan yanki, duk a wuyan 'yan dako suke hawa mota.

Abin takaici shi ne, wanda ke ɗauke da buhu mai nauyin kilo 100 a wuyansa ba ya iya waiwaye, shi kuma direban tirela da ke ja da baya, madubinsa ba ya nuna masa abin da ke gindin mota. Ga hayaniyar kasuwa, ga duhun magariba, ga kuma leburan da gajiya ta sa suka kwanta a inuwar ƙarƙashin mota. Idan tsautsayi ya afka, sai a ce ƙaddara ce, a yi karo-karo a kai mutum wajen mai ɗori, iyalinsa su shiga wani hali.

Babu mai jayayya da ƙaddara, amma rigakafi ya fi magani. Ya kamata shugabannin ƙungiyar direbobi da sarakunan tasha su kafa doka cewa kada babbar mota ta motsa a wurin lodi sai yaron mota ya sauka ya leƙa ƙarƙashinta, sa'an nan ya tsaya inda direba ke ganinsa yana ba shi hannu. A sa waigi kafin a soma lodi. Ita kuwa ƙaramar hukuma, tunda tana karɓar haraji, haƙƙinta ne ta ware wa masu tafiya a ƙasa hanyarsu, ta kuma sa fitilu.

Haka nan dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa, ta haɗa har da leburan wucin gadi da aka ɗauka da baki, ba tare da takarda ba. Wajibi ne a fahimtar da 'yan dako wannan haƙƙi nasu, a kuma tilasta wa dillalai da masu motocin da ke sa su aiki su sauke nauyin da ke kansu. Buhun da ya fashe ana iya tsince shi, amma ƙafar da taya ta murƙushe ba ta dawowa.