Sharhi: Gayyatar shiga Illuminati da ke farautar matasan jahar Maraɗi

Daga Agye zuwa Gazawa da Gidan Rumji, duk matashi mai babbar waya na iya cin karo da saƙon a Facebook ko WhatsApp: wai an zaɓe shi ya shiga Illuminati, zai yi arziki, har ya buɗe reshe a garinsu, in ya tura kuɗin rajista.

Illuminati ta ainihi, Adam Weishaupt ne ya kafa ta a Bavariya, cikin Jamus ta yau, a 1776. Hukuma ta haramta ta a 1785, ta watse. Freemason kuwa tana nan, amma a tsarin Ingila sai membobi biyu sun tsaya wa mutum, an kaɗa ƙuri'a a kansa, kuma ba a buɗe reshe sai da takardar izinin uwar ƙungiya.

Jarin 'yan damfarar shi ne sirri. Wanda aka gargaɗa kada ya faɗa wa kowa ba zai nemi shawara ba. In an cuce shi, kunya ta hana shi kai ƙara, alhali Nijar na da dokar yaƙi da laifukan intanet tun 2019. 'Yan ci-rani masu aiko kuɗi gida, ku riƙa tambayar ƙannenku inda kuɗin ke zuwa.