Fedar Tseren Keke: Rashin Nauyi Ko Lafiyar Mahayi?

A da, 'yan tseren keke sukan ɗaure ƙafarsu a feda da madauri, ba ya kwancewa sai an sa hannu. A 1984 kamfanin Look na Faransa ya fito da feda mai kama ƙasan takalmi, wadda ke saki da an karkata dunduniya waje. Da ita Bernard Hinault ya ci gasar Tour de France a 1985.

Yau wasu masu saye sun fi kula da rashin nauyinta. Ni kuwa a ganina feda ta ƙwarai ita ce mai sakin ƙafa nan da nan, wadda ba ta takura gwiwa. 'Yan'uwana ɗalibai, ku koyi zare ƙafa kafin ku koyi gudu, domin wanda ya karye ba ya cin tsere.