Kufan sojan ruwa a bakin Kwara: a rubuta labarinsu tun da sauran masu faɗi

Ƙasar Nijar ba ta da teku, wannan kowa ya sani. Amma jiragen ruwan soja sun ratsa ta. Mutumin Bana da ya je kasuwar Gaya, in ya tsaya bakin kogin Kwara, to yana duban hanyar da sojan ruwan Faransa suka bi tun ba a haifi kakansa ba.

A shekara ta 1896 wani hafsan sojan ruwa mai suna Hourst ya gangaro kogin daga wajen Tumbutu da jirage uku. Da ya iso kusa da Sayi, sai ya kafa sansani bisa wani tsibiri, ya raɗa masa suna Fort Archinard, ya yi kimanin wata biyar a ciki. Sa'an nan ya wuce ta gaban Gaya, ya ratsa duwatsun Busa, har ya kai teku. A 1898 Faransa da Ingila suka ƙulla yarjejeniya, aka yarda wa Faransa ta yi hayar fili biyu cikin ƙasar da Ingila ke riƙe da ita: ɗaya a Forkados, bakin teku, ɗaya a Bajibo, bakin kogi. Ta nan ne kyaftin Lenfant ya hauro da kayan soja cikin jirage a 1901, ya kai su Sayi. Daga baya aka bar wannan hanya, masaukanta suka zama kufai.

Kufai kuwa ba ya rasa labari. Inda mutane suka tashi, sai a ce aljannu sun tare. Sarkawa suna da labaran Harakoi Dikko, uwar ruwa, suna kuma da wuraren da ba su jefa taru sai da ladabi. A Jeba, cikin Nijeriya, akwai wani dutse tsakiyar kogi da mutanen wurin suke tsoro tun da can. Kusa da shi ne jirgin Ingilishi mai suna Dayspring ya fashe a 1857, abin ya ƙara wa dutsen kwarjini.

Wasu ma'aikata suna raina irin waɗannan labarai, suna cewa tatsuniya ce ta jahilai. Wannan kuskure ne. Tsohon da ya ce kada a kwana a tsibiri kaza, sau da yawa ya adana sunan wurin, da wanda ya zauna can, da abin da ya faru. Takardun Turawa sun ƙidaya jirage da bindigogi. Ba su damu da sunan matuƙin da aka tilasta wa jan kwalekwale ba, ko garin da aka karɓe wa hatsi. Wannan rabin tarihi yana bakin tsofaffi. Sai dai kuma tsoro kaɗai ba ya tsare wuri: sansanin da aka gina da ƙasa da itace, ruwa da gara suna cinye shi, ko da aljani ko babu.

Wanda ke tambayar amfanin tonon tsohon zance, ya tuna da tsibirin Lete. Nijar da Benin sun daɗe suna jayayya a kansa tun zamanin samun mulkin kai. Ran 12 ga watan Yuli 2005 kotun duniya ta birnin La Haye ta yanke hukunci: cikin tsibirai 25, Nijar ta sami 16, har da Lete, Benin ta sami 9. Cikin hujjojin da kotun ta dogara da su akwai wasiƙar da Sadoux, kumandan Gaya, ya rubuta a 1914. Takarda guda da aka adana ta yi aikin da gardamar shekara arba'in ta kasa yi.

Jinkiri kuwa yana da hasara. A 1968, da aka gama madatsar Kainji, ruwa ya rufe tsohon garin Busa, inda Mungo Park ya halaka a 1806. Abin da ba a auna ba, ba a rubuta ba kafin ranar, ya tafi ke nan.

Saboda haka aiki ya rataya a wuyan kowa. Wanda ya gama yaƙi da jahilci a Bana, ko Bengu, ko Tunuga, yana da alƙalami, yana da kaka. Ya zauna gabansa, ya rubuta da Hausa ko Dendi abin da ya ji, da sunan wuri, ba ƙari ba ragi. Malaman lakwal su tattara rubuce-rubucen. Magadan gari da sarakuna su sa a ƙidaya kufan da ke ƙasarsu, a kafa musu alama. A Yamai akwai cibiyar CELHTO mai tattara tarihin baka, akwai IRSH, akwai ma'ajiyar takardun ƙasa, inda za a gwada maganar tsofaffi da ta takarda.

Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai wadda aka adana. Allah ya ba masu alƙalami himma, ya ja kwanan masu labari.