Samaniyarmu, Wa Zai Karance Ta?

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin ɗalibai da ƙananan ma'aikata, wai ilmin sararin samaniya shagali ne na ƙasashen da suka ƙoshi, mu kuwa sai mu ji da rijiya da taki tukuna. Wannan magana kasala ce aka naɗa wa rawani, kuma ya kamata a warware shi.

Rana ba haske da zafi kaɗai take aiko mana ba. Kowace shekara 11 ko kusa da haka takan tunzura, ta yi ta amayar da curin iskar gas mai ɗauke da lantarki. Walƙiyarta takan iso cikin minti 8, curin kuwa cikin kwana 1 zuwa 3, ya bugi maganaɗisun da ya kewaye duniya, ya dagula saman iskarmu.

Ɓarnar ba a ɓoye take ba. A 1859 wayoyin tangarahu sun yi ta tartsatsi a Turai da Amurka. Ranar 13 ga Maris, 1989, lantarkin lardin Kwibek na Kanada ya ɗauke, mutum miliyan 6 suka shafe wajen sa'a 9 babu wuta. A Fabrairun 2022 kamfanin SpaceX ya harba taurarin ɗan'adam 49, guguwar ta dumama saman iska ya kumbura, 38 suka rikito.

To, sai mai gardama ya ce, ai duk can ne. A nan ya yi kuskure. Daga nisan kilomita 60 zuwa sama akwai wani rufin iska mai lantarki, watau ayonosfiya, wanda shi ke maido da muryar gajeren zango zuwa akwatin rediyon manomi a ƙauye. Idan rana ta yi walƙiya mai ƙarfi, sai muryar ta ɓace a ɓangaren duniyar da ke fuskantarta. Har wa yau, layin da ya raba maganaɗisun duniya gida biyu ya ratsa Nijeriya. A kan wannan layi, bayan faɗuwar rana, rufin yakan yamutse ko da babu guguwa, ya gurɓata saƙon GPS wanda matuƙin jirgin sama da mai safiyon fili suka dogara da shi. Ke nan muna zaune ƙarƙashin ɗaya daga cikin sassan samaniya mafi rikici.

Ba kuwa yau aka fara ba. Farfesa Cyril Onwumechili ya yi suna a duniya da nazarin lantarkin da ke gudana bisa wannan layi tun yana Jami'ar Ibadan. An kafa hukumar sararin samaniya ta ƙasa a 1999. Hanya dai an share ta, mabiya ake nema.

Saboda haka, ya ku 'yan'uwa, mu daina gudun kimiyya da lissafi kamar dodo. Ƙungiyar ɗalibai ta nemi a girka na'urorin awo a jami'o'inmu, ma'aikaci kuma ya daina soke kuɗin bincike da sunan tsimi. Wanda ya sayi waya da tauraro, amma ya bar wa baƙo karatun samaniyarsa, da hannun wani yake cin tuwo, kuma ranar da aka janye hannun zai kwana da yunwa.