Kwamfutar Makaranta Ta Yi Nauyi? Kada Mu Yi Saurin Jefar Da Ita

A ƙarshen zangon karatun bara, kwamfutar ofishin makarantarmu a nan Filinge ta kusa sa mu kuka. Tsohuwa ce, irin ta kan tebur, wadda aka ba mu kyauta bayan ta gama aiki a wani ofis a Turai. A cikinta muke ajiye makin yara da sunayen masu zana jarrabawar BEPC. Rana ɗaya sai ta fara jan ƙafa: aikin kwafar da take gamawa kafin a sha kofin shayi ya koma cin rabin yini. Wasu malamai suka ce ta mutu. Wasu suka ce a ɗora ta a mota zuwa Yamai, tafiyar kusan kilomita 180.

Wani tsohon ɗalibina mai gyaran waya ne ya hana. Ya buɗe murfinta, ya kalle ni ya ce, "Mushe, lafiyarta ƙalau. Ƙura ce ta cika ta, ga igiyar faifai ta yi sako-sako."

Abin da ya nuna mini ya kamata kowane malami ya sani. Tsofaffin faifan ajiya, masu igiya mai faɗi kamar ɗamara, suna da hanya biyu ta aika bayanai. A hanyar DMA, faifan yana zuba bayanai kai tsaye cikin ma'ajiyar aiki, har megabait 100 a daƙiƙa ɗaya ko fiye. A hanyar PIO kuwa, sai komai ya bi ta ƙwaƙwalwar injin, kuma iyakar gudunsa bai kai megabait 17 ba. Kamar a ce darakta da kansa ne yake ɗaukar kowane littafi daga aji zuwa aji. Windows XP, idan ta ga kuskure ya maimaitu sau shida wajen karanta faifai, takan rage masa gudu da kanta, mataki bayan mataki, har ya faɗa PIO, ba tare da ta faɗa wa kowa ba.

Yaron ya fara da kwafe makin yara zuwa wani faifai na waje. Sannan ya hure ƙurar, ya canza igiyar da mai silli 80, domin mai silli 40 ba ta wuce megabait 33. Daga nan ya shiga sashen lura da kayan injin, ya cire saitin mashigar faifan, ya kashe ya kunna. Kwamfuta ta dawo da gudunta.

Ra'ayina shi ne, nauyin kwamfuta saƙo ne. A ƙasar Kurfai, inda ƙurar hunturu take shiga ko'ina, zafin Afrilu yake wuce maki 40, wuta kuma take ɗaukewa ba sallama, igiya da faifai suna shan wahala. Wanda ya mayar da saiti kawai bai nemi dalilin kuskuren ba, ya rufe bakin mai gargaɗi ne. In faifan ne da kansa yake mutuwa, wata rana za a wayi gari makin shekara guda ya tafi, kuma yaran da iyayensu suka sayar da gero da awaki don karatunsu su ne za su ɗanɗana.

Ko sababbin injuna suna da irin wannan. Faifan waje da aka soka a kafar USB 2 ba zai yi gudun da yake yi a kafar USB 3 ba, wadda galibi cikinta shuɗi ne. Sau nawa muka zargi inji, alhali kafa muka saɓa?

Na san masu cewa waɗannan tsofaffin kwamfutoci shara ce Turawa suka sauke mana. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows XP tun Afrilun 2014, don haka bai dace a haɗa irin wannan inji da intanet ba. Amma rubuta maki da buga takardar jarrabawa ba su buƙatar sabon inji. Kafin sabo ya zo, wanda ke hannu shi ne namu.

Don haka ina roƙon kwamitocin iyaye da ke kula da makarantu, daga Filinge zuwa Tukunus da Shikal, su sa abu uku cikin kasafinsu: faifan waje da za a riƙa kwafe makin yara a ciki kowane mako, kyallen rufe inji, da ɗan ladan mai gyara da zai hure ƙura kafin hunturu da bayansa. Daraktoci kuma su zaɓi malami ɗaya da ɗalibai biyu su koyi buɗe injin da duba igiyoyinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ranar da ake jiran sakamakon yara ba ita ce ranar neman mai gyara ba.